Manufar Gwamnati Kan Gidaje da Hanyoyin da Mai Ƙaramin Ƙarfi Zai Bi Ya Mallaki Muhalli

Gabatarwa

Daga cikin tambayoyin da jama'a suka fi yi mana idan mun fita wayar da kai a ƙananan hukumomi, akwai wadda ba a tashi daga taro ba a yi ta ba, wato: "Yaushe gidajen gwamnati za su iso gare mu?" Malamin firamare yakan yi wannan tambaya, ma'aikacin asibitin ƙauye yakan yi ta, haka nan manomi da ɗan tireda da matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu a gidan haya. Tambaya ce mai tushe, domin sashe na 16 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya sanya samar wa 'yan ƙasa matsuguni mai dacewa cikin manufofin da ake son kowace gwamnati ta sa a gaba.

Wajibi ne mu faɗi gaskiya tun daga farko. Gidajen da gwamnatoci suka gina da kansu, daga samun 'yancin kai zuwa yau, ba su taɓa wadatar da masu buƙata ba. Akasarin gidajen da muke gani a garuruwanmu da ƙauyukanmu masu su ne suka gina su da guminsu, ɗaki bayan ɗaki. Saboda haka manufar gidaje ta ƙasa ta karkata ga taimaka wa mutum ya sami abubuwa uku: fili mai takarda, kuɗin da zai iya biya ba tare da ya shiga ƙangi ba, da gini mai rahusa wanda zai daɗe. Wannan bayani zai bi waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, domin amfanin mazauna karkara da kuma hakimai, dagatai, masu unguwanni, kansiloli da ma'aikatan ƙananan hukumomi waɗanda jama'a ke fara tunkara da tambayoyinsu.

Taƙaitaccen Tarihin Manufar Gidaje

A zamanin mulkin mallaka hankalin hukuma ya tsaya ne ga gina wa Turawa da manyan ma'aikata gidaje a unguwannin da aka keɓe musu. A 1956 aka kafa wata ƙungiyar ba da rancen gina gida, wadda a 1977 aka mayar da ita Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, wanda ake kira FMBN a taƙaice. A 1973 kuma aka kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya, wadda ta gina rukunin gidajen Festac a Legas.

A cikin shirin raya ƙasa na uku, daga 1975 zuwa 1980, gwamnatin tarayya ta ƙudurta gina gidaje 202,000, amma abin da aka kammala bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan adadi ba. Da Alhaji Shehu Shagari ya karɓi mulki a 1979, sai ya ɗauki gidaje a matsayin ɗaya daga cikin manyan alkawuransa. An tsara gina gidaje 40,000 a kowace shekara, wato 2,000 a kowace daga cikin jihohi 19 na wancan lokaci da kuma Abuja. Har yau akwai unguwanni a garuruwa da dama da ake kira da sunan Shagari ko kuma Lokos, waɗanda suka samo asali daga wannan shiri da makamantansa. Sai dai a nan ma ba a kai ko rabin abin da aka yi niyya ba kafin faɗuwar gwamnatin a ƙarshen 1983.

Yana da kyau mu san dalilan da suka kawo wannan cikas, domin darasi ne ga kowa. An gina wasu rukunan gidajen nesa da gari, inda babu ruwa, babu wuta, babu hanya, babu kasuwa, sai suka daɗe babu kowa a ciki. An yi amfani da fasalin gini kusan iri ɗaya a duk faɗin ƙasa, ba tare da la'akari da yanayin zafi ko tsarin zaman iyali ba, alhali magidanci a ƙasar Hausa yana buƙatar zaure da tsakar gida da katangar da za ta suturta iyalinsa. An kuma sami saɓani tsakanin gwamnatin tarayya da wasu jihohin da jam'iyyun adawa ke mulki a kan ba da filaye. Bugu da ƙari, kuɗin da 'yan kwangila suka caza ya sa farashin gidajen ya fi ƙarfin waɗanda aka gina dominsu.

Waɗannan darussa suka haifar da Manufar Gidaje ta Ƙasa ta 1991, wadda ta sa burin kowa ya sami muhalli kafin shekara ta 2000. Burin bai cika ba, amma manufar ta kawo sauyi mai muhimmanci, wato gwamnati ta rage zama magini, ta ƙara ƙarfi wajen samar da filaye da kuɗi da dokoki. A kan wannan turba aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa a 1992, aka sake duba manufar a 2012. A 2023 aka raba ma'aikatar gidaje ta tarayya daga ma'aikatar ayyuka, a watan Fabrairun 2024 kuma Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya aza harsashin gidaje 3,112 a Karsana da ke Abuja, a matsayin somin wani sabon shirin gina gidaje a jihohi. Irin waɗannan rukunai suna da amfani, amma yawanci a manyan birane ake yin su, kuma adadinsu kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan jama'a.

Me Ake Nufi da Gida Mai Sauƙin Kuɗi?

Masana harkar gidaje sun yi ittifaƙi a kan wani ma'auni mai sauƙin ganewa: bai kamata abin da mutum ke kashewa a kan muhalli, ko haya ce ko biyan bashi, ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da yake samu a wata ba. Idan ya wuce haka, abinci da magani da kuɗin makarantar yara ne za su ji a jikinsu.

Bari mu yi lissafi da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka mayar Naira 70,000 a 2024. Kashi ɗaya cikin uku na wannan kuɗi ya kama kimanin Naira 23,000. Idan aka ba mutum rancen Naira miliyan ɗaya a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari a shekara, ya biya cikin shekara 30, zai riƙa biyan kimanin Naira 6,000 a wata. Ke nan mai albashin Naira 70,000 zai iya ɗaukar nauyin rancen da bai kai Naira miliyan huɗu ba. Idan kuwa, a misali, ya karɓi rance a kan kashi 25 cikin ɗari, ya biya cikin shekara 10, to Naira 23,000 ɗin nan miliyan ɗaya kacal za ta iya ɗauke masa.

Wannan lissafi ya nuna mana abu biyu. Na farko, tsawon lokacin biya da ƙarancin kuɗin ruwa su ne ke bambanta rancen da talaka zai iya ɗauka da wanda zai durƙusar da shi. Na biyu, ko da rance mafi sauƙi, ƙaramin ma'aikaci ba zai iya sayen ƙerarren gida na bulo da siminti a birni ba a farashin yau. Abin da zai iya shi ne ya mallaki fili, ya gina ɗaki biyu da banɗaki da katanga, sannan ya riƙa ƙarawa gwargwadon hali.

Fili da Takardarsa

Tushen kowane gida shi ne fili, kuma dokar da ke tafiyar da filaye a Nijeriya ita ce Dokar Amfani da Filaye ta 1978. Wannan doka ta damƙa dukkan filayen jiha a hannun Gwamna a matsayin amana domin amfanin jama'a. Ta kuma raba aiki gida biyu. Filayen da ke cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni, Gwamna ne ke ba da izinin mallakarsu, kuma shi ke sa hannu a takardar shaidar mallaka wadda jama'a suka fi sani da C of O, wadda galibi ake bayarwa na tsawon shekara 99 idan filin na zama ne. Filayen da ke wajen birni kuwa, sashe na 6 na dokar ya ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya, domin noma ko zama ko wasu buƙatu. Dokar ta tanadi cewa kowace ƙaramar hukuma ta kasance da kwamitin ba da shawara kan rabon filaye.

Akwai ƙa'idoji guda uku a cikin dokar da ya kamata kowane mai fili ya riƙe. Na ɗaya, sayar da fili ko jinginar da shi yana buƙatar amincewar hukuma: ta Gwamna idan filin mai C of O ne, ta ƙaramar hukuma idan na gargajiya ne. Na biyu, Gwamna na da ikon karɓar fili domin aikin da zai amfani jama'a, kamar hanya ko makaranta ko asibiti. Na uku, idan aka karɓa ta wannan hanya, mai filin na da haƙƙin a biya shi diyyar gini da amfanin gona da sauran abin da ya raya a kai. Wanda ke da takarda a hannu ya fi samun sauƙin tabbatar da haƙƙinsa a irin wannan rana.

A karkara an saba ciniki da baki, ko da 'yar takardar da mai unguwa da dagaci suka sa wa hannu. Wannan takarda tana da daraja a matsayin shaidar ciniki, kuma muna ba da shawarar kada a yi ciniki babu ita. Sai dai bankin ba da lamuni ba ya karɓar ta a matsayin jingina. Don haka bayan an gama ciniki, sai a ci gaba da waɗannan matakai:

1. A tabbatar wanda ya sayar shi ne mai filin. Idan filin gado ne, a ga shaidar cewa an raba gadon, kuma dukkan magada, maza da mata, sun amince. Rigingimun filaye da yawa da ke gaban kotuna sun samo asali ne daga ɗan'uwa ɗaya da ya sayar da abin da ba nasa shi kaɗai ba.

2. A rubuta yarjejeniya mai ɗauke da sunayen mai saye da mai sayarwa, girman fili, maƙwabta ta gabas da yamma da kudu da arewa, kuɗin da aka biya, kwanan wata da shaidu.

3. A je ofishin filaye na ƙaramar hukuma ko na jiha a bincika ko filin yana cikin burtali, makiyaya, dajin gwamnati, hanyar da aka shata ko wurin da aka tanada domin wani aiki.

4. A nemi safiyo mai rajista ya auna filin, ya kafa duwatsun iyaka, ya fitar da taswira.

5. A cike fom na neman izinin mallaka, a biya kuɗin da hukuma ta ƙayyade ta hanyar da ta amince, a karɓi rasit a adana.

Mun sani cewa jama'a na kuka da jinkiri da yawan zirga-zirga wajen neman takardar fili, kuma kukan yana da hujja. Shi ya sa Abuja da jihohi irin su Kaduna da Kano suka kafa hukumomin da ke adana bayanan filaye a kwamfuta, domin rage ɓatan fayil da sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. Duk da wahalar, wanda ya jure ya sami takarda ya bar wa 'ya'yansa gado mai kwanciyar hankali.

Asusun Gidaje na Ƙasa

An kafa wannan asusu, wanda ake kira NHF, da doka ta 3 ta 1992, kuma bankin FMBN ne ke kula da shi. Tsarinsa ya yi kama da adashi na ƙasa baki ɗaya: mutane da yawa suna zuba kaɗan kaɗan, a tara, a ba waɗanda suka cika sharuɗɗa rance mai dogon zango. Abin da ake zubawa shi ne kashi 2.5 cikin ɗari na abin da mutum ke samu a wata. Mai albashin Naira 70,000 zai zuba Naira 1,750 ke nan. Gyaran dokar da aka sanya wa hannu a 2023 ya bar zubin a matsayin wajibi ga ma'aikatan gwamnati, ya mayar da shi na ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu. Masu sana'ar kansu, kamar 'yan kasuwa, teloli, direbobi da manoma, su ma suna iya yin rajista su riƙa zubawa da kansu.

Wanda ya kai shekara 18 kuma ya yi aƙalla wata shida yana zubi a jere, ya cancanci neman rance domin gina gida, ko saye, ko gyara. Kuɗin ruwan wannan rance kashi 6 ne cikin ɗari a shekara, ana kuma iya biya har tsawon shekara 30, gwargwadon shekarun mai nema da sauran lokacin aikinsa. Ana neman rancen ne ta hannun bankunan lamunin gidaje masu lasisi, waɗanda za su buƙaci shaidar zubi, shaidar samun kuɗi, takardar mallakar fili da taswirar gini da hukuma ta amince da ita. A nan mai karatu zai ga dalilin da ya sa muka fara da maganar takardar fili, domin rashinta ne ke hana mutane da yawa cin moriyar kuɗin da suka yi shekaru suna zubawa.

Baya ga babban rance, bankin yana da ƙaramin rance na gyaran gida, da tsarin da mutum zai shiga gida a matsayin ɗan haya, kuɗin hayar da yake biya ya riƙa tafiya a matsayin kuɗin saye har gidan ya zama nasa. Akwai kuma rancen da ake ba ƙungiyoyin gama kai domin su gina wa membobinsu. Iyakar kuɗin da ake bayarwa a kowane tsari bankin kan sabunta ta daga lokaci zuwa lokaci, saboda haka a nemi adadin da ake aiki da shi a ofishin bankin da ke babban birnin jiha.

Wani abu da ma'aikata da yawa ba su sani ba shi ne, kuɗin da aka zuba ba ya ɓata. Wanda bai ci rance ba, ko ya ci ya gama biya, yana da haƙƙin a mayar masa da abin da ya tara tare da ƙarin kashi 2 cikin ɗari idan ya kai shekara 60 ko ya yi ritaya bayan shekara 35 yana aiki. Idan mai zubi ya rasu, magadansa na da haƙƙin nema. Muna shawartar kowane ma'aikaci ya san lambar rajistarsa, ya riƙa duba takardar albashinsa, ya kuma tabbatar abin da aka yanke ya shiga asusunsa. Haka nan muna tunatar da ma'aji da jami'an albashi na ƙananan hukumomi cewa kuɗin nan amana ne, riƙe shi ko karkatar da shi ya saɓa wa doka kuma yana hana ma'aikaci samun rance.

Waɗanda Ba Su da Albashi

Mafi yawan mazauna karkara ba su da albashin wata. Kuɗinsu na zuwa ne da kaka, ko bayan sayar da dabba, ko a ranar kasuwa. Ga irin waɗannan, hanya mafi inganci ita ce haɗa ƙarfi. Mutum ɗaya ba zai iya sayen tifar yashi da siminti a kan sari ba, amma mutum ashirin za su iya. Ƙungiyar gama kai da ta yi rajista da ofishin gama kai na jiha, take da kundin ƙa'idoji da asusun banki da littafin shige da fice na kuɗi, za ta iya neman fili babba a yanka wa membobi, ta sayi injin buga bulo, ta kuma tunkari banki da murya ɗaya. Al'adarmu ta gayya da adashi ta riga ta koya mana wannan tsari, abin da ya rage shi ne a sa shi a rubuce.

Jama'a da yawa kuma suna ƙaurace wa rance saboda gudun riba, kuma wannan damuwa ce da ya kamata a girmama. Tun daga 2012, lokacin da bankin Jaiz ya fara aiki, an sami bankunan da Babban Bankin Nijeriya ya ba lasisin yin hulɗa ba da kuɗin ruwa ba. Irin waɗannan bankuna kan sayi gida ko kayan gini su sayar wa mutum da ribar ciniki da aka amince da ita tun farko, ko su ba shi haya wadda za ta ƙare da mallaka. Wanda ke son bin wannan hanya ya nemi cikakken bayanin abin da zai biya daga farko zuwa ƙarshe kafin ya sa hannu, ya kuma nemi fatawar malamai idan yana da shakka.

Rage Tsadar Gini

Siminti da rodi da kwano su ne ke cinye mafi yawan kuɗin gini, kuma farashinsu ya yi tashin gwauron zabi a 'yan shekarun nan. Amma ƙasarmu tana da gadon gini da ƙasa wanda bai kamata a raina ba. Babban masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, da Gidan Makama na Kano, shaida ne cewa tubali da azara, idan suka haɗu da gwanin magini da kulawa, suna ɗaukar shekaru aru-aru. Ɗakin ƙasa ya fi sanyi da bazara, ya fi ɗumi da hunturu. Kakanninmu sun san yaɓe da makuba da laso domin kare bango daga ruwa.

Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978, ta yi aiki a kan bulon jar ƙasa da ake haɗawa da ɗan siminti kaɗan a matse da inji. Irin wannan bulo ba ya buƙatar gashi, ana buga shi a wurin gini, yana kuma rage yawan simintin da ake saye. Ko da tubali aka yi gini ko da bulo, maƙiyin bango shi ne ruwa, ta ƙasa da ta sama. Don haka inda ya kamata a kashe kuɗi shi ne harsashi da rufi. A yi harsashi da dutse ko bulon siminti, a ɗaga shi sama da ƙasa sosai, a sa rufin da bakinsa ya zarce bango, a gyara indararo kafin damina, a sa wa katako maganin gara.

Muna kuma ba da shawarar a zana fasalin gidan gaba ɗaya tun kafin a fara, ko da ɗaki ɗaya za a soma ginawa. A san inda zaure zai zauna, inda ɗakunan gaba za su kasance, da inda za a haƙa masai. Masai ya yi nisa da rijiya, kuma kada ya kasance a tudun da ruwansa zai gangaro mata. Duba-gari na ƙaramar hukuma zai iya ba da shawara a kan wannan.

Inda Bai Kamata a Gina Gida Ba

Fili mai arha fiye da kima sau da yawa yana da dalili. Ambaliyar 2022 ta halaka mutane fiye da 600 a faɗin Nijeriya, ta raba fiye da mutum miliyan ɗaya da muhallansu, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A watan Satumba na 2024 ɓallewar madatsar ruwa ta Alau ta mamaye sassa da yawa na Maiduguri. Gidan da aka gina a kan hanyar ruwa, ko a fadama, ko a tsohon kududdufin da aka cike da shara, asara ce mai jiran rana. Haka nan gini a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki ko dab da babbar hanya haɗari ne ga rai, kuma hukuma na iya rushe shi. Kafin a sayi fili a je a gan shi da damina, a tambayi dattawan wurin iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa.

Hattara da 'Yan Damfara

Duk lokacin da aka sanar da sabon shirin gidaje, wasu ɓata-gari kan fito da fom na bogi, ko su aika saƙo ta waya da Facebook da WhatsApp suna neman a tura kuɗi domin a sa sunan mutum. Muna jan hankalin jama'a cewa hukuma ba ta karɓar kuɗi ta asusun wani mutum. Duk wanda ya ce a ba shi wani abu ya samo gida ta bayan fage, to a guje shi, a kuma kai rahotonsa ga 'yan sanda ko ofishin shugaban ƙaramar hukuma. Kada a miƙa ainihin takardar fili ga kowa sai a ofishi, kuma da shaidar karɓa a rubuce.

Nauyin da Ke Kan Shugabanni

Hakimai da dagatai da masu unguwanni su ne iyayen ƙasa, kuma sa hannunsu a takardar ciniki yana da nauyi. Muna roƙonsu da kada su shaida cinikin filin da ba su san asalinsa ba, su hana yanka burtali da makabarta da filin makaranta, su kuma tsaya wa marayu da mata wajen rabon gidajen gado. Shugabannin ƙananan hukumomi su tabbatar kwamitin rabon filaye yana zama, a shata sababbin unguwanni da tituna da magudanun ruwa kafin jama'a su fara gini, domin gyara bayan an gina ya fi tsada kuma yana jawo rushe-rushe. A manna jerin kuɗaɗen da ake biya a allon sanarwa na sakatariya, da Hausa, yadda kowa zai gani. Idan kuma aka sami gidaje ko filaye na rabawa, a bi ƙa'ida a fili, a ba waɗanda aka yi abin dominsu.

Kammalawa

Muna kira ga kowane magidanci da ya fara da abin da ke hannunsa a yau. Mai fili ya nemi takarda. Ma'aikaci ya binciki zubinsa a Asusun Gidaje na Ƙasa. Masu sana'a su haɗu su yi wa ƙungiyarsu rajista. Mai shirin gini ya duba wurin da kyau, ya ƙarfafa harsashi da rufi. Domin ƙarin bayani, sai a tuntuɓi jami'in filaye ko sashen ayyuka da gidaje na ƙaramar hukuma, ma'aikatar da ke kula da filaye da gidaje ta jiha, ko ofishin Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya mafi kusa. Muna kuma roƙon waɗanda suka karanta wannan bayani su isar da shi ga 'yan'uwa a masallatai, majami'u, kasuwanni da majalisun unguwa. Allah Ya ba kowa muhalli mai albarka.